Babu Bawa a Kan Allon Lantarki

Duk wanda ya buɗe takardar bayanin wata aisi da aka buga kafin shekarar 2020, ya je shafin da ke nuna yadda take magana da 'yan'uwanta a kan allo, zai tarar da kalmomin Turanci biyu suna ta maimaituwa. Ɗaya tana nufin wanda ya mallaki bawa, ɗayar tana nufin bawan. Da su injiniyoyi suka yi shekaru suna kiran ɓangarori biyu na hira tsakanin na'urori, har suka shige cikin gajerun sunayen da ake bugawa a gefen ƙafafun aisi: MOSI da MISO. Harafin M na mai bawan ne, harafin S na bawan.

To, a mayar da su Hausa yadda ƙamus ya tanada. Wanda ya mallaki bawa, sunansa a Hausa ubangiji. Ke nan MOSI ta zama "ubangiji ya fitar, bawa ya karɓa", MISO kuma "ubangiji ya karɓa, bawa ya fitar". Babu malamin da zai tsaya gaban ɗalibai a Kano ko Damagaram ya furta wannan a kan guntun silikon ba tare da harshensa ya yi nauyi ba, domin a kunnen Bahaushe waɗannan kalmomi biyu, in sun haɗu, ko dai zancen Mahalicci da bayinsa ake yi, ko kuma an taɓo wani miki na tarihi. Abin da malamai ke yi don kauce wa wannan nauyi shi ne su haɗiye Turancin yadda yake, su ce masta, su wuce.

Matsayina shi ne, waɗannan kalmomi ba su cancanci shiga Hausar fasaha ba, ko a fassare ko a are. Babban dalilina kuwa na sana'a ne: ƙarya suke yi a kan abin da ke faruwa a allo. Akwai shaidar da za a iya kira ta tabbatar da haka, wato na'urar nan da masu sana'a ke kira lojik analaiza. Daga shaidarta nake son mu fitar da ƙa'ida guda wadda za ta yi mana jagora wajen raɗa wa sauran abubuwan wannan fanni suna: kada mu karɓi sunan da na'urar awo za ta iya ƙaryatawa.

Shaidar da ba ta son kai

Lojik analaiza na'ura ce mai 'yan yatsu da ake maƙalawa a kan layukan allo domin a ga abin da suke faɗa wa juna. Ta bambanta da osiloskop. Osiloskop tana zana siffar wutar yadda take, da hawanta da gangararta, amma a kan layi biyu ko huɗu kawai. Ita kuwa analaiza tambaya ɗaya take yi wa kowane layi, sau miliyoyi a daƙiƙa: kana sama da iyakar da aka gindaya ko kana ƙasa? Idan sama ne ta rubuta 1, idan ƙasa ne ta rubuta 0. Da wannan rangwame take samun damar kallon layuka 8 ko 16 ko 32 ko fiye a lokaci guda. Kamfanin Hewlett-Packard ya fitar da samfurinsa mai lamba 5000A a 1973, mai layi biyu, wanda ke nuna sakamako da jerin ƙananan fitilu. Yau ana samun mai layi 8, wadda ke leƙa layukan sau miliyan 24 a daƙiƙa, girmanta bai wuce akwatin ashana ba, a soka ta a kwamfuta a karanta da manhajar kyauta irin PulseView.

Mu maƙala ta a kan hanyar sadarwa da ake kira I2C, wadda kamfanin Philips ya ƙirƙiro a 1982 domin aisi-aisi su yi magana da juna ta layi biyu kacal. Ɗaya shi ne SDA, mai ɗaukar bayani. Ɗayan SCL, mai ɗaukar bugun da ke daidaita tafiyar bayanin. Mai karatu yana tare da wannan hanya ko bai sani ba. Ta cikinta gilashin wayar hannu ke sanar da injin wayar inda yatsa ya taɓa. Ta wani reshenta batirin kwamfutar tafi-da-gidanka ke faɗin cajin da ya rage. Ta cikinta kuma talabijin ke gaya wa kwamfuta girman fuskarsa ta igiyar HDMI.

Abu na farko da ya kamata a sani game da waɗannan layuka biyu shi ne babu na'urar da ke da ikon ɗaga su. Razista ce ke riƙe da kowane layi a sama. Iyakar abin da kowace aisi za ta iya yi, babba ce ko ƙarama, shi ne ta ja layin ƙasa ko ta sake shi. Idan goma sun saki, ɗaya ta ja, layin yana ƙasa. Tun daga ginin wutar kansa, kowa na da ikon hana magana.

Ga yadda hira ke gudana a fuskar analaiza. Wata aisi ta ja SDA ƙasa alhali SCL yana sama. Wannan ita ce sallama. Sai ta aika adireshi mai bit 7, ta bi shi da bit na takwas mai nuna ko karɓa take son yi ko bayarwa. A bugu na tara sai ta saki SDA ta saurara. Idan mai adireshin ya ja layin ƙasa, ya amsa ke nan, manhaja ta rubuta ACK. Idan layin ya zauna a sama, ba a amsa ba, ta rubuta NACK. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar zaure ya yi sallama ya san wannan tsari: kai ne ka fara magana, amma shigarka tana hannun na ciki.

Shi kuma na cikin yakan ƙi amsawa, da izinin ƙa'ida. Ƙananan ma'adanan bayanai na zuriyar 24C, waɗanda ake kira a adireshin 0x50, idan aka ba su abin rubutawa sukan toshe kunne na kimanin milisakan 5 suna aikinsu. Duk sallamar da aka yi musu a wannan tsakani NACK za ta samu. Wanda ake kira ubangiji ba shi da abin yi sai ya koma ya dawo, ya sake sallama, har sai an ga damar amsa masa.

Akwai abin da ya fi wannan. Ƙa'idar I2C ta yarda wanda aka kira, idan bai shirya ba, ya riƙe layin SCL a ƙasa, wato ya tsayar da bugun da kansa. Wanda ya fara hirar dole ya tsaya cik ya jira a sakar masa layi. A fuskar analaiza za ka ga bugu yana tafiya daidai wa daida, sai kwatsam ya miƙe a ƙasa na wani lokaci, sannan ya ci gaba. Haka nan, idan wanda ya fara hirar ya sake tashi a tsakiyar zance, wanda aka kira zai iya zama riƙe da SDA a ƙasa yana jiran sauran bugun da aka yi masa alkawari, hanyar gaba ɗaya ta toshe. Maganin da ƙa'idar ta bayar shi ne a aika masa bugu 9 domin ya ƙarasa maganarsa ya saki layin. Bugu da ƙari, aisi biyu za su iya fara sallama tare. Wadda ta saki layi tana tsammanin 1 ta ga 0, ita ce za ta janye. Wadda ta yi kira yanzu, an jima ita za a kira.

Wane irin bawa ne wannan, mai ƙin amsa kira, mai tsayar da ubangijinsa a rana, mai rufe masa hanya, wanda gobe zai hau kujerarsa? Analaiza ba ta ga mallaka ba. Abin da ta gani shi ne mai kira da mai amsawa.

Abin da sunan ƙarya ke jawowa

Wani zai ce ai suna ne kawai, kowa ya san ba bauta ake nufi ba. Amma suna shi ne darasi na farko da ɗan koyo ke haddacewa, kuma shi ke gaya masa inda zai fara dubawa idan abu ya lalace. Wanda aka koya wa cewa bugu mallakar ubangiji ne, bawa kuwa sai abin da aka ce masa, idan ya ga SCL ya kwanta ƙasa ya ƙi tashi, zarginsa zai tafi kai tsaye kan babbar aisi. Zai iya ɗauko iska mai zafi ya ɗaga lafiyayyar aisi mai tsada, alhali mai laifin wata 'yar ƙaramar ma'auniya ce a gefen allo da ta riƙe layi. Wanda aka koya wa cewa kowa na iya jan layi ƙasa, tambayar da zai fara yi ita ce: wa ya riƙe?

Waɗanda suka yi gyaran kwamfuta a shekarun 1990 da farkon 2000 za su tuna da 'yar ƙaramar maƙalar da ake sauya wa wuri a bayan faifan ajiya na IDE, domin a mayar da ɗaya masta, ɗayan bawansa. Mutane da yawa sun ɗauka na farkon yana juya na biyun, ko kuma bayanan na biyun ta cikin na farkon suke bi. Ko kaɗan. Faifan biyu igiya ɗaya suka raba, kwamfuta ke kiran wanda take so. Ƙa'idar ATA da kanta na'ura 0 da na'ura 1 take kiransu. Sunan kasuwa ya ƙirƙiro dangantakar da babu ita, mutane suka yi shekaru suna gaskata ta.

Kada kuma a ɗauka kalmomin wani daɗaɗɗen gado ne na sana'a wanda taɓa shi rashin kunya ne. Masanin nan Ron Eglash, a wani nazari da ya wallafa a 2007, ya bi sawunsu a fannin injiniya har zuwa 1904, inda David Gill, masanin taurari a Cape Town, ya siffanta wani agogo da ke bin wani da sunan bawa. A lura da shekarar. Ingila ta yi dokar soke bauta a daularta a 1833, Amurka ta soke a 1865. Wato injiniyoyi sun ɗauko kalmar ne bayan an haramta abin da take nufi a ƙasashensu, lokacin da ta zama musu abin kwatance mai arha.

"Rigimar Amurka ce"

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. A Nuwamban 2003 hukumar gundumar Los Angeles ta nemi masu sayar mata da kayan aiki su daina amfani da kalmomin. Masu kula da harshen shirye-shiryen kwamfuta na Python sun cire su a 2018. Bayan kisan George Floyd a 2020 guguwar ta yi ƙarfi: masu kula da Linux suka sauya ƙa'idar rubutunsu a watan Yuli, GitHub ya sauya sunan babban reshen ajiya a watan Oktoba. A Oktoban 2021 kamfanin NXP, magajin Philips a wannan fanni, ya fitar da bugu na 7 na ƙa'idar I2C, inda ya maye gurbin kalmomin da wasu masu ma'anar mai sarrafawa da wanda aka nufa. Gaskiya ne, daga can iskar ta taso.

Sai dai wanda ya ce bauta tarihin wasu ne, bai karanta nasa ba. Harshen da ke da kalmomin rinji, da murgu, da fansa, da bacucane, ba a littafin Turawa ya ji labarin bauta ba. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934, kuma aka yi shekaru ana karantawa a makarantunmu, labarin yaro ne da aka sace aka haura da shi Sahara, da uwar da ta bi sawunsa ta faɗa hannun masu bayi. Sanarwar Lugga ta 1901 ta 'yanta 'ya'yan da aka haifa daga Afrilun shekarar, amma ba a soke bauta ɗungurungum a dokar Arewacin Najeriya ba sai 1936. A Nijar sai 2003 aka mayar da ita laifin da dokar hukunta laifuka ta tanadi horo a kansa. Ranar 27 ga Oktoba, 2008, kotun ECOWAS da ta zauna a Yamai ta yanke hukuncin cewa gwamnatin Nijar ta kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana shekara 12, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Har yau akwai gidajen da binciken asali kafin aure ke komawa kan wannan tambaya. A ajin da malami zai ce "bawa", akwai yiwuwar wani ɗalibi na zaune wanda aka taɓa jifan kakansa da kalmar.

Saboda haka ba don Amurka ta tsarga za mu tsargu ba. Namu dalilin ya fi nasu kusa, kuma ninki biyu ne, tunda ɗaya kalmar tana taɓa tarihi, ɗayar tana taɓa sunan da muka keɓe wa Mahalicci.

Hujja ta biyu ita ce sauya kalma ba ya 'yanta kowa. Haka ne. Babu wanda zai fita daga ƙangi don an gyara takardar bayanin aisi, kuma kamfanin da ya goge kalma ya ɗauka ya biya bashin tarihi yaudarar kansa yake yi. Amma wannan hujja tana aiki ne a kan wanda ya riga ya gina gida yake tunanin rushewa. Mu ko tubali ba mu aza ba. Babu tarin littattafan lantarki na Hausa da za a sake bugawa. Tambayar da ke gabanmu ita ce wace kalma za mu ɗauka tun farko, kuma mai zaɓe a kasuwa ba ya ɗaukar kayan da masu su ke kwashewa zuwa juji.

Hujja ta uku ita ce ta fi nauyi: sauyin ya haifar da ruɗani. Wannan ma gaskiya ne, kuma masu gyaran suna da laifinsu. A kan hanyar SPI, wadda Motorola ya fito da ita a shekarun 1980, ƙungiyar OSHWA ta ba da shawara a 2020 a koma SDO da SDI, ko COPI da CIPO, daga baya kuma aka koma PICO da POCI. Yau Arduino na rubuta COPI, SparkFun na rubuta PICO, allunan da ke cike da kasuwa kuwa har yanzu MOSI ne a jikinsu. Layi ɗaya, suna uku ko huɗu. SDO da SDI ma sun zo da tasu matsalar, domin fitar wannan aisi shigar waccan ce, sunan yana juyawa gwargwadon inda ka tsaya, kamar yadda TX da RX suka daɗe suna sa masu koyo haɗa igiya a karkace. Tsohon sunan, duk da muninsa, yana da fa'ida ɗaya: iri ɗaya ne a kowane bakin layi.

Darasin da ke cikin wannan shi ne mu raba tambari da suna. Haruffan da aka buga a jikin allo tambari ne, kamar lambar mota. Dole ɗalibi ya gane MOSI da COPI da PICO duka, ya san layi ɗaya suke nufi. Amma abin da malami zai kira layin da baki, da Hausa, wannan namu ne. A kira aisin da ke fara hira kuma take ba da bugu mai kira, ɗayar kuma mai amsawa. Layin da ke ɗaukar bayani daga mai kira, layin tafi. Wanda ke kawo masa, layin dawo. Daga wajen mai kira ake kallo kullum, don haka sunan ba ya juyawa, kuma ko Turawa sun sake sauya haruffansu sau goma, namu yana nan.

Ƙa'idar ta wuce kalmomi biyu

Idan mun yarda cewa analaiza ce alƙali, to sauran kalmomin fannin ma sai sun gurfana gabanta.

Layin SCL da takwarorinsa, Turanci agogo yake kiransu, mai fassara da ƙamus ma agogo zai rubuta. Agogo yana faɗin lokaci. Wannan layi bai san ƙarfe nawa ba, kuma mun ga yana iya tsayawa ya ci gaba ba tare da komai ya ɓaci ba. Aikinsa shi ne ya ce "yanzu", domin kowa ya karanta layin bayani tare. Aikin makaɗin gayya ke nan, wanda da bugunsa garemani ke sauka lokaci guda. A kira shi bugu, sai abubuwa da yawa su warware da kansu. Dole bayani ya zauna daram kafin bugu ya sauka, ya kuma daure kaɗan bayan saukarsa: shiri kafin bugu, da riƙo bayan bugu. A I2C mai gudun bit 100,000 a daƙiƙa, shirin ba zai gaza nanosakan 250 ba. A mai gudun 400,000, nanosakan 100. Hanyoyin awo biyu na analaiza ma sun fito fili: ko ta leƙa layuka da bugun kanta domin ta auna tazara, ko ta bi bugun allon domin ta ga abin da aisi ke gani.

Sai kalmar da masu sana'a ke furtawa tiriga. Ƙamus zai ce kunamar bindiga. Hoton da kunama ke bayarwa shi ne babu abin da ke faruwa sai an taɓa ta. A analaiza kuwa ɗaukar bayani tana gudana tun kafin nan, sabo yana ture tsoho a ma'adana, ana jiran wani sharaɗi da mai awo ya gindaya, misali a ga NACK bayan adireshi kaza. Idan sharaɗin ya cika, na'urar ta adana abin da ya biyo baya tare da abin da ya gabata, kuma sau da yawa a abin da ya gabata ne dalilin ɓarnar yake. Wannan tarko ne. Ana ɗana shi, a jira, ya kama, sannan a bi sawun abin da ya kama a ga ta inda ya ɓullo. Ɗalibin da aka ce wa ɗana tarko ya riga ya fahimci rabin darasin.

Iyaka ma kalma ce da ya kamata a riƙe da kyau, domin ita ke tuna wa mai awo cewa 1 da 0 hukunci ne da na'ura ta yanke, wutar da ke layin ba ta san su ba. A tsohuwar zuriyar TTL, abin da bai wuce bolt 0.8 ba 0 ne, abin da ya kai bolt 2.0 kuwa 1 ne, tsakaninsu babu tabbas. Layuka da yawa a wayoyin hannu na yau a bolt 1.8 suke aiki. Wanda ya auna su da analaizar da iyakarta ta yi musu tsawo zai iya ganin 0 zalla, ya yanke wa rayayyen layi hukuncin mutuwa. Haka kuma ɗan tsallen nan na wuta da ake kira gilic, wanda gilmawa ta fi dacewa da shi: analaiza mai leƙe miliyan 24 a daƙiƙa tana barin tazarar kusan nanosakan 42 tsakanin leƙe da leƙe, don haka gilmawar nanosakan 10 za ta iya wucewa ba a gan ta ba, alhali ta isa ta rikita aisi. Sunan da kansa gargaɗi ne cewa rashin gani ba ya nufin rashin aukuwa.

Wannan ba kira ba ne a tsarkake Hausa daga aro. Razista, aisi, bit, analaiza, duk su zauna. Ƙwarya ce wofi da muka zuba wa ma'ana, ba su zo da wani hoto da zai ɓatar da mai koyo ba. Kalmar da za a tsare a ƙofa ita ce mai ɗauke da kwatance, domin kwatance yana koyarwa ko malami bai buɗe baki ba. Hausa ta daɗe da sanin wannan. Waɗanda suka ce Majalisar Ɗinkin Duniya aikin majalisar suka duba, ba su bi kalmomin Turancin ɗaya bayan ɗaya ba. Masana harshe ma sun yi wa nahawu da adabi irin wannan hidima a ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da aka buga a 1990 ƙarƙashin editancin Ɗalhatu Muhammad, shi ya sa ake koyar da nahawun Hausa da Hausa har jami'a. Lantarki bai fi nahawu tsarki ba.

Waɗanda za su yanke wannan hukunci ba a zauren taro suke ba. Malaman kwalejojin fasaha ne da ke juyawa zuwa Hausa idan suka ga ido ya raina fata a aji. Masu gyara ne a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano da takwarorinta, waɗanda yara ke koyon sana'a a gabansu. Matasa ne masu ɗora darussan Arduino da Hausa a YouTube. Kalmar da suka furta a shekarun nan ita za ta zauna, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk wanda ke cikinsu yake shakkar abin da na faɗa, gwajin ba shi da tsada. Ya maƙala analaiza a kan SDA da SCL na wata ma'adanar 24C, ya ba ta abin rubutawa, ya sake kiranta nan take, ya ƙirga NACK nawa za ta jera masa kafin ta ga damar amsawa. Bayan nan ya dubi ɗalibansa ya gaya musu sunan da ya dace da ita.